Fuskar wa ake talla da ita? Dokar ARCON, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji

Tun ranar 1 ga Oktoba 2022, ba a yarda a saka fuskar baƙo ko muryar baƙo a tallan da aka shirya domin kasuwar Najeriya ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ita ta sanar da haka a watan Agusta na shekarar, ta bakin shugabanta Olalekan Fadolapo. Jaridun waje da dama sun ɗauki labarin a matsayin Najeriya ta kori Turawa daga talla. A gida kuwa kowa da yadda ya ji shi. Mai sayar da atamfa da leshi a Instagram tana tambaya ko abin ya shafe ta. Ɗan wasan barkwanci da ke saka sunan kamfani a bidiyonsa yana tambaya ko shi ma sai ya nemi izini. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji kuma suna ganin ai su ba sayar da komai suke yi ba, me ya haɗa su da dokar 'yan kasuwa.

Ruɗanin yana da dalili. Magana uku ce aka cakuɗa wuri guda: wa zai fito a talla, wa zai duba tallan kafin ya fita, da kuma wa aka yi tallan dominsa tun farko. Dokar ta amsa biyun farko. Ta ukun ita ce mai wuya, kuma ita ce ta fi shafar mai sauraron rediyo a Kano ko Maraɗi.

Kalmomin da ya kamata a bambance

A Hausa talla ɗaya ce, daga yarinyar da ta ɗauko farantin gyaɗa zuwa allon da ya cike shataletale. A wurin masu sana'ar kuwa mutum huɗu ne ke cikin harkar. Akwai mai kaya, wato kamfanin da ke biyan kuɗi. Akwai kamfanin talla, wanda ke zama ya ƙirƙiro dabarar, ya rubuta kalmomin, ya zaɓi fuskoki. Akwai masu ɗauka da haɗawa, su ne masu kyamara, masu sauti da masu murya. Sai kafar da za ta watsa: rediyo, talabijin, allo, ko waya.

Gangamin talla kuma ba talla ɗaya ba ne. Tunani guda ne da ake maimaitawa ta hanyoyi da yawa na tsawon watanni, har ya zauna a kan mutane. Wanda ya ga shagon mai cajin waya an shafe shi da ruwan ɗorawa daga sama har ƙasa, ga laima mai launi ɗaya a kan teburin mai kati, sannan ya kunna rediyo ya ji waƙar kamfanin, to gangami ya gani, ko da bai san sunansa ba.

Ƙungiyoyin agaji su ma suna gangami iri biyu, kuma bambanta su yana da muhimmanci. Na farko na neman kuɗi ne, ana yin sa domin mai bayarwa, wanda sau da yawa yana Landan ko Oslo. Na biyu na canza ɗabi'a ne, irin su a kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a wanke hannu. Wannan mutanen gida ake yi wa magana.

Abin da dokar ta ce

ARCON magajiyar APCON ce, wadda aka kafa a 1988. Sabuwar dokar 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta sauya sunan, ta kuma faɗaɗa iko. A da hukumar ta fi mayar da hankali ga rajistar masu sana'ar, yanzu tana ɗaukar kanta a matsayin mai sa ido a kan duk saƙon talla da aka nufa da 'yan Najeriya, har da na intanet.

Haramcin fuskar 'yan ƙasar waje bai ambaci launin fata ba. Magana ce ta ɗan ƙasa da wanda ba ɗan ƙasa ba. Ke nan ɗan Ghana, ɗan Kenya, har ɗan Nijar da ke jin Hausa fiye da wasu Kanawa, duk baƙi ne a idon umarnin. Tallace-tallacen da aka riga aka amince da su an bar su su ƙarasa wa'adinsu, sabuntawa ce aka hana. Kafin haramcin ma akwai kuɗin da kamfani ke biya, naira dubu 100 a kan kowane baƙo da ya fito a talla, amma ga babban kamfani wannan bai kai ya hana barci ba.

Bayan wannan hukumar ta ƙara da cewa daga Janairu 2023 aƙalla kashi 75 cikin 100 na aikin shirya talla ya zama na cikin gida. Hujjarta ita ce ƙasar na asarar kimanin naira biliyan 120 a shekara saboda ana fita waje ɗaukar tallan da za a dawo a nuna wa 'yan Najeriya. Sai batun tantancewa: kowane talla sai ya bi ta kwamitin duba ingancin tallace-tallace kafin ya fita, kuma ana biyan kuɗin dubawa. A kan wannan ne ARCON ta maka kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, a babbar kotun tarayya a Oktoba 2022, tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da aka nuna ba tare da tantancewa ba. Daga baya, a 2024, ta janye ƙarar.

Idan kayan abinci ne ko magani, akwai ƙarin ƙofa: NAFDAC ma sai ta amince da abin da aka ce kayan yana yi.

Yadda kasuwa ta riga doka

Steve Babaeko, wanda ke shugabantar ƙungiyar kamfanonin talla ta Najeriya a lokacin da aka yi umarnin, ya shaida wa 'yan jarida cewa shekaru goma zuwa ashirin baya kusan rabin fuskokin da ke talla baƙi ne, muryoyin kuma da karin harshen Ingila. Haka abin yake a ƙasashe da yawa. Kamfani zai ɗauki talla guda a Johannesburg ko Cape Town, inda kayan aiki suka wadata, ya raba wa ƙasa goma, a canza murya kawai.

Amma tun kafin hukuma ta yi magana, kamfanonin da suka ci kasuwa a Afirka su ne waɗanda suka lura da yadda mutane ke rayuwa. Misali mafi kusa yana kan teburin mai shayi. Lokacin da Promasidor ya shigo Najeriya da madarar Cowbell a 1993, madarar gari a gwangwani ake sayarwa, sai mai albashi. Shi kuwa ya ƙulla ta a 'yar leda ta kofi ɗaya. Mai samun kuɗin yini da yini ba ya sayen kayan wata, wannan kowace mai ƙullin gishiri da daddawa ta sani tun kaka da kakanni. Ledar ita kanta ta zama talla, tana rataye reras a gaban kowane kanti. Yau omo, man goge baki, tumatir, har man shafawa duk sun bi sahu.

A Kenya, kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a Maris 2007 da saƙo ɗaya tak: aika kuɗi gida. Tallan ya nuna saurayi a birni yana danna waya, takardun kuɗi suna tashi sama har su sauka a hannun iyayensa a ƙauye. Ba a yi wani dogon bayani kan fasaha ba. An dai taɓo matsalar da kowane ɗan ci-rani ya sani, ta ba direban mota ko ɗan garinsu saƙo yana addu'ar ya isa.

A Najeriya, lokacin da aka ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da sun rasa lambarsu ba a Afrilu 2013, MTN ya ɗauko ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, wanda kowa ya saba gani a tallan Etisalat. Tallan ya buɗe da shi cikin hasken kore, launin tsohon kamfaninsa, sai ya juyo ashe kayan ruwan ɗorawa ne a jikinsa, yana rawa yana cewa ya sauya sheƙa. Mutumin da kansa shi ne saƙon. Irin wannan dabara ba ta zuwa daga wanda bai san abin da mutane ke kallo da dare ba. Haka Coca-Cola ya yi a 2015 da ya kawo gangamin rubuta sunaye a jikin kwalba, wanda ya faro a Ostireliya a 2011: ya cika kwalabe da sunayen gida, mutane suna tona firij suna neman nasu.

A Arewa, kamfanoni sun daɗe da gane inda ƙofa take. Rediyo ce ta farko, sai azumi, lokacin da masu ɗanɗanon girki ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen buɗa-baki, sai taurarin Kannywood da ake naɗawa jakadun kamfani. A kasuwar mako-mako kuma ana ganin wata hanyar: mota ta tsaya da lasifika, an kafa tukunya a kan risho, mata biyu sanye da atamfa mai tambarin kamfani suna dafa dafa-duka a gaban jama'a, ana raba ɗanɗano a murfin roba, wadda ta sayi leda biyu a ba ta ludayi. Wannan aikin maroƙi da mai shela ne aka sa masa riga sabuwa.

Inda dabara ke komawa ɓaranɓarama

A 2017 Nivea ya kafa alluna a Ghana da Najeriya da wasu ƙasashe yana tallan man da zai sa fata ta ƙara haske. Wadda ta fito a tallan 'yar Najeriya ce, tsohuwar sarauniyar kyau Omowunmi Akinnifesi. Duk da haka mutane suka yi ca a intanet suna neman a sauke allunan, suna cewa an mayar da baƙar fata abin gyarawa. A Satumba 2020 shagunan Clicks na Afirka ta Kudu suka wallafa tallan man gashi na TRESemmé da ya nuna gashin baƙar mace a matsayin busasshe mai lalacewa, na Baturiya kuma a matsayin lafiyayye. Jam'iyyar EFF ta jagoranci zanga-zanga, aka rufe shaguna na kwanaki, aka kwashe kayan daga kanta.

A Najeriya addini ne ya fi yawan zama tarko. Bankin Sterling ya kwatanta tashin Yesu Almasihu da kumburin burodin Agege a bikin Ista na 2022, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta fusata, banki ya nemi gafara, hukuma kuma ta ce ba a kawo mata tallan ta duba ba. Shekara ɗaya bayan haka masu madarar Peak suka faɗa irin ramin da hoton gwangwani da aka huda a ranar Juma'ar Ista, su ma suka janye suka ba da haƙuri. Tun farkon zuwan salula ma MTN ya janye wani talla da ya nuna dangi suna shewa don an haifi namiji, bayan ƙungiyoyin mata sun ce yana ƙarfafa fifita ɗa a kan 'ya.

Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan ba baƙi ne suka fito a cikinsu ba. Wasu ma 'yan gida ne suka rubuta su tun daga farko har ƙarshe. Fasfo ɗin wanda ke gaban kyamara bai hana kuskure ba. Amma akwai wani abu da yawancinsu suka haɗu a kai: an janye, an ba da haƙuri. Dalilin a fili yake. Wanda aka ɓata wa rai shi ne mai saye, kuma yana da makami a aljihunsa.

Ƙungiyoyin agaji: mai bayarwa daban, na cikin hoto daban

Nan ne lissafin ya canza. A tallan sabulu, wanda ake nunawa da wanda ake so ya fito da kuɗi mutum ɗaya ne. A tallan neman taimako kuwa, yaron da ke cikin hoton yana Afirka, mai fito da kuɗin yana wata nahiya, kuma yaron ba shi da hanyar cewa bai yarda ba.

Salon ya yi fice a yaƙin basasar Najeriya, lokacin da hotunan yaran Biafra masu kumburarren ciki suka cika jaridun Turai a 1968. Ya ƙara ƙarfi a Oktoba 1984 da rahoton Michael Buerk na BBC kan yunwa daga Korem a Habasha, wanda ya haifar da gangamin Band Aid da babban taron Live Aid na Yuli 1985. An tara kuɗi masu yawa, an ceci rayuka, wannan ba a musu. Sai dai ƙungiyoyi sun koyi darasi ɗaya daga nan: gwargwadon munin hoto, gwargwadon buɗewar aljihu.

Ƙasar Hausa ta ga wannan da idonta a 2005. An yi ta gargaɗi kan ƙarancin abinci a Nijar bayan fari da fara, duniya ba ta motsa ba sai da kyamarori suka shiga cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maraɗi a tsakiyar shekarar. Kuɗi suka fara zuwa. Shugaba Tandja Mamadou kuma ya fito ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasarsa, yana zargin ƙungiyoyi da zuzuta lamarin don neman kuɗi. A 2008 gwamnatinsa ta dakatar da ayyukan reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi. Masu agaji sun ce ba don hotunan ba da yara da yawa sun mutu a ɓoye. Masu mulki sun ce an zubar da mutuncin ƙasa. Uwar da aka ɗauka tana riƙe da ɗanta, ba a cika jin ta bakinta ba a wannan muhawara.

Zuwan intanet ya ba waɗanda ake magana a kansu baki. Bidiyon gangamin Kony 2012 na ƙungiyar Invisible Children ta Amurka, wanda ke neman a kama madugun 'yan tawayen Uganda Joseph Kony, ya samu kallo miliyan 100 cikin kwana shida, amma da aka haska shi a garin Lira na arewacin Uganda, inda mutane suka ɗanɗana yaƙin, sai taro ya watse da jifa. A shekarar ce kuma ƙungiyar ɗalibai ta SAIH a Norway ta yi gangamin ba'a mai suna Radi-Aid, inda 'yan Afirka ke tara na'urar ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi. Ma'anar ita ce: da wannan kaɗai kuka sani game da Norway, me za ku ɗauke ta? Ko gangamin neman sako 'yan matan Chibok 276 na 2014, wanda 'yan Najeriya suka fara da kansu, bai tsira ba. Wasu hotunan da suka fi yawo a duniya da sunansa na 'yan matan Guinea-Bissau ne, waɗanda mai ɗaukar hoto Ami Vitale ta ɗauka don wani aiki daban, aka kwasa ba da izini ba.

Sauyi ya fara bayyana daga baya. Bayan ɗan majalisar Birtaniya David Lammy ya soki hoton wata mai gabatar da shirye-shirye tana rungume da yaro a Uganda a 2019, lokacin ɗaukar fim ɗin neman taimako na ƙungiyar agaji ta Comic Relief, ƙungiyar ta sanar a Oktoba 2020 cewa ta daina tura taurari Afirka don irin waɗannan finafinan, za ta ba masu shirya fim na ƙasashen aikin. MSF ita ma ta fito a 2022 ta amsa cewa hotunan da ta daɗe tana amfani da su sun fifita farar fata a matsayin mai ceto, alhali mafi yawan ma'aikatanta 'yan ƙasashen da take aiki ne.

Idan saƙon na mutanen gida ne

Gangamin canza ɗabi'a ya fi kama da tallan sabulu, domin wanda ake yi wa magana yana iya rufe ƙofa. Arewacin Najeriya ta rufe ta a 2003, lokacin da Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi. Zargin bai faɗo daga sama ba, mutane na tune da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996. Kano ba ta dawo ba sai Yuli 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe.

Abin da ya gyara lamarin ba fasta mai sheƙi ba ce. An koma ga sarakuna, aka kafa kwamitinsu a 2009 da goyon bayan Sarkin Musulmi. An ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, suna zuwa suna, suna magana da uwa a tsakar gidanta. Waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa fita da kekunansu suna cewa a dube mu. An farfaɗo da majigi: bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, a tada janareta, yara a gaba a ƙasa, maza a gefe, mata daga baya, a nuna fim, sannan malami da ma'aikacin lafiya su amsa tambayoyi. Karo na ƙarshe da aka ga ƙwayar shan inna ta asali a Najeriya shi ne 2016 a Borno, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Neman kuɗi ma yana iya zama na gida. A farin 2011, Safaricom da bankin KCB da kafofin yaɗa labarai da Red Cross ta Kenya suka haɗa gangamin 'yan Kenya don Kenya, mutane suna tura 'yan shiling ta waya, aka tara sama da shiling miliyan 600. Akwai kuma inda kamfani da ƙungiya ke haɗa kai, kamar yadda Pampers da UNICEF suka fara a 2006, inda kowane ƙunshi da aka saya ya biya kuɗin allurar rigakafi ɗaya ta cutar tetanus. Masu yabo suna cewa kowa ya amfana. Masu suka suna cewa a duba ko abin da aka kashe wajen tallata kyautar bai fi kyautar ba.

Matsayar ɓangarori

Masu goyon bayan ARCON, musamman kamfanonin talla na gida da masu ɗaukar fim da masu murya, suna cewa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da masana'antar fim irin ta Najeriya ba ta da dalilin hayar fuska. Kuɗin talla daga aljihun mai saye ya fito, ya kamata ya zaga a gida. Game da tantancewa kuma suna nuna tallan magungunan ƙarya da kamfanonin ninka kuɗi da suka cinye dukiyar jama'a.

Ƙungiyar masu ba da talla, ADVAN, wadda ke wakiltar manyan kamfanoni masu biyan kuɗin, ta ƙalubalanci sassa da dama na tsarin, har ta je kotu. Ƙorafinta shi ne hukuma na shiga ciniki tsakanin kamfani da wanda ya ɗauka aiki, kuma dubawa kafin fitarwa na jawo jinkiri da tsada. Lauyoyi kuma suna nuna cewa kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon allunan waje, ga hukumomin jihohi irin LASAA ta Legas suna karɓar nasu, ke nan allo ɗaya yana da iyayen gida uku. Wasu na tsoron ramuwa: idan Ghana ko Kenya suka yi irin wannan doka, mawaƙa da 'yan wasan Najeriya da ke cin kasuwar nahiyar su za su fi asara.

Akwai kuma fargabar siyasa. A Agusta 2023, ana jiran hukuncin kotun zaɓen shugaban ƙasa, alluna suka bayyana a Abuja masu cewa ido na kan ɓangaren shari'a. ARCON ta ce bai kamata a amince da su ba, ta ba da umarnin sauke su, aka dakatar da wasu jami'anta. Masu kare 'yancin faɗar albarkacin baki sun ɗauki wannan a matsayin alamar inda ikon tantancewa zai iya kaiwa, kuma ƙungiyoyin farar hula da ke gangami kan shugabanci su ne suka fi kusa da wannan iyaka.

Abin da zai taɓa talaka

Ga mai saye, kuɗin tantancewa da na izini ba sa ɓacewa, suna komawa cikin farashi, ko da kobo-kobo ne. A ɗaya ɓangaren, idan dubawar ta yi aiki, za a rage tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in. Sai dai mai irin wannan magani ya fi yawa a bayan mota da lasifika a bakin tasha, inda hannun hukumar Abuja ba ya cika isa.

Ga ƙananan 'yan kasuwa na intanet, a takarda doka ba ta ware su ba: saƙon da aka biya kuɗi don a tallata kaya talla ne, ko a allo ko a waya. A aikace hukuma ta fi bin manyan kamfanoni da fitattun masu mabiya, domin ba ta da ma'aikatan da za su bi kowace mai sayar da turaren wuta. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai mabiya da yawa da ya karɓi kuɗi ya yabi maganin da bai sani ba ko harkar zuba jari da ta rushe.

Ga masu neman aiki a harkar, an buɗe ƙofa, amma yawancinta a Legas take, inda kamfanonin talla da hedikwatocin masu kaya suke. A nan ne mai sauraron Hausa ke ganin iyakar dokar. Talla yana iya cika sharaɗin kashi 75, kowa a cikinsa ɗan Najeriya, amma an yi tunaninsa da Turanci a Ikeja, aka aiko a fassara da yamma a karanta da safe. Kunne yana ganewa nan take: jimla ta fito a karkace, an ɗora karin magana inda ba muhallinsa ba, an sa wa ɗan wasa babbar riga da hular da ba a karya ta yadda ake karyawa ba, yana kiran matarsa da sunan da ba a kira a gaban suruka. Ga kuma dokokin gida da mai shirya tallan ƙasa baki ɗaya ba ya lissafawa, kamar umarnin Hisbar Kano na 2021 da ya hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi wajen nuna tufafi.

Ga wanda ƙungiyar agaji ta ɗauki hotonsa a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ko Diffa, dokar ARCON ba ta kai gare shi ba, domin ba 'yan Najeriya ake nuna wa hoton ba. Abin da ke kare shi shi ne ƙa'idar da ƙungiyar ta ɗora wa kanta: a nemi izini da harshen da yake ji, a faɗa masa inda hoton zai je da tsawon lokacin da za a yi amfani da shi, a kuma tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai hana shi buhun hatsi ba. Manyan ƙungiyoyi da dama sun rubuta irin wannan ƙa'ida. Ƙananan gidauniyoyin gida da ke raba kayan azumi suna ɗora fuskokin zawarawa da marayu a Facebook kuwa, mafi yawansu ba su da ita.